Tsatsar Takobin Madam Yun

Duk wanda ya taɓa zama cin abinci da Elkana a ɗakinsu na unguwar Karama a Dubai ya san da cokali yake cin tuwo. Ba shinkafa ba, ba taliya ba, tuwon masara da miyar kuka. Mutumin Bogoro fa, wanda da tuwon dawa aka yaye shi, ya zauna yana yankar loma da cokali kamar mai jinya a gadon asibiti. Abokan ɗakinsa sun yi masa tsiya har sun gaji. Wani ya ce Dubai ce ta hau masa kai, wani ya ce tunda ya yi aiki da 'yan Koriya, saura ƙiris ya koma ci da tsinke biyu. Ba gayu ba ne, ba kuma ciwo ba ne. Hannun nasa yake ƙyama, kuma yana da dalili.

Ubansa, marigayi Baba Abednego, mai washi ne. Duk ranar kasuwa yana zaune a gindin ɗorawa da duwatsunsa da gwangwanin ruwa, ana kawo masa lauje da adda da wuƙar fawa da almakashin tela. A gidan nan gara a ga kwarkwata a kanka da a ga tsatsa a ƙarfenka. Tsohon yakan ce duk ƙarfen da ya yi tsatsa mai shi ne malalaci, kuma idan manomi ya kawo masa fartanyar da ta kwana cikin ruwan sama, sai ya wanke shi tas da baki kafin ya taɓa fartanyar. A haka Elkana ya tashi. Tun bai iya ɗaura wando da kyau ba ya iya gane kaifi da babban yatsa, ya san dutsen da ake farawa da shi da wanda ake ƙarasawa. Ya girma, ya auri Perpetua, suka haifi 'ya'ya uku, sai washi ya daina ciyar da gida, don wuƙaƙen zamani in sun dakushe jefarwa ake yi a sayi wasu.

A 2016 wani ejan ya yi masa alkawarin aikin injiniya a Dubai. Injiniyancin da ya tarar shi ne bokiti da tsumma. Aka zuba shi a masaukin leburori na Muhaisnah, gado bisa gado, kullum mota ta kwashe su ta kai su wankin bayan gida a manyan kantuna. Bai yi ƙorafi ba, don shi dai ƙazanta abokiyar gabarsa ce ko a ina ya same ta. Ran nan kamfanin ya tura shi wanke bututun hayaƙi a wani ɗan gidan abincin 'yan Koriya da ke lungu a Karama. Yana bisa tsani sai ya hango kuku yana fama da nama, yana ja yana turawa kamar mai yankan katako da zarto. Elkana ya kau da kai, ya sake dubawa, ya kasa jurewa. Ya sauko, ya karɓi wuƙar ba tare da ya iya yaren kukun ba, ya kife wani kofin tangaram, ya wasa ta a gindinsa. Da ya miƙa masa, naman ya rabu kamar gwanda.

Mai gidan abincin tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Madam Yun ke nan, 'yar tsohuwa guntuwa mai furfura, wadda mijinta ya zo ƙasar tun zamanin da ake haƙa harsashin manyan gine-gine, ya buɗe wurin don ciyar da 'yan ƙasarsu, ya mutu ya bar ta da shi. Ba ta yi dogon zance ba. Cikin 'yan makonni ta mayar da bizar Elkana kan sunan shagonta, ta ba shi wanke-wanke da hura gawayin gashi da kula da wuƙaƙe. Ita tana kiransa Kana, shi yana kiranta Mama, suna magana da Turancin kasuwa da ɗan Larabci, yalla da khalas, sauran kuma da hannu. Da farko warin kabejin nan da suke bari ya yi tsami da gangan ya kusa korarsa. Ya ce mata a garinsu ko alade aka ba wannan sai ya yi tunani. Ta yi dariya har da hawaye. Da ya kawo mata daddawa ta shinshina, ita ce ta fice waje da gudu, daga nan aka yi canjaras. Duk Juma'a, wadda a lokacin ita ce ranar sujada a Dubai, takan sallame shi ya tafi cocinsu, ita ma ta tafi nasu.

Shekara huɗu suka yi a haka, sai korona ta zo. Aka rufe gari, aka buɗe, amma masu ci ba su dawo ba. Kuku ya koma ƙasarsu, masu kai abinci tebur suka watse, ya rage daga Madam sai Elkana, ita tana girki shi yana sauran komai. Mai ginin kuwa bai san wata korona ba, haya yake so kafin ƙarshen shekara ko a ba shi makullinsa. Lissafin ba shi da wuyar ganewa: in shagon ya mutu, bizar Elkana ta mutu, sai ya koma Bogoro ya tarar da Perpetua da yara uku 'yan makaranta, hannu rabbana.

Wata Laraba da rana, ba kowa a tebur, Madam ta ce ya hau saman sito ya sauko mata da wani dogon akwatin katako da ke bayan buhunan shinkafa. Ta share tebur, ta wanke hannu, ta buɗe. A ciki akwai takobi naɗe cikin tsohon zane, ɗan lanƙwasasshe, bai kai tsawon namu ba, kubensa baƙi duk ya tsattsage. Ta ce sunansa hwando, na kakan mijinta ne, shi ma gadonsa ya yi. Ta ce a ƙasarsu irin wannan sai a gidan tarihi, bayan gilashi. Mutanen da can sun fi girmama alƙalami da baka a kan takobi, ba su tara su da yawa ba. Da Japan ta mamaye ƙasar aka bi gida-gida ana kwashe makamai, wanda ya tsira kuma yaƙin da ya raba ƙasar biyu ya cinye shi. Takubban Japan ga su nan birjik a hannun masu tarawa, na Koriya kuwa sai mutum ya tsufa yana nema bai riƙe ko ɗaya ba. Wannan ya tsira ne saboda kakan ya binne shi a ƙarƙashin tulun kabejin tsami a bayan gida, inda ba sojan da zai yi marmarin tonawa. Mijinta ya shigo da shi cikin kwantenar kayan gida tun ana sakaci da bincike, yanzu kuwa ba ta isa ta hau jirgi da shi ba, ba ta kuma isa ta kai shi gwanjo a fili ba. Tun rasuwar mijin ba ta zare shi ba. Ta ce za ta sayar, a biya haya, a riƙe shagon.

Da ta zare shi, Elkana ya sunkuya ya duba. Kai, tir! Ƙarfen baƙi ƙirin, ga wani tabo ja-ja a tsakiya, ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kusa da mariƙi, bakinsa kuwa ko ayaba ba zai yanka ba. Ya rasa yadda za a yi mutane masu tsafta irin waɗannan, masu goge ƙasan tukunya har ka ga fuskarka, su bar gadon kakansu ya koma haka. Bai faɗa ba, don yana jin nauyinta. Ita kuwa ta shafa kuben ta ce tsoho ne kamarta, ta mayar ta rufe.

Shi da kansa ya nemo dillali. Alhaji Mijinyawa yana zaune a unguwar Muraqqabat, bakin wani shagon canji, kuma ba abin da bai taɓa shiga tsakani an sayar ba: tsofaffin motoci, tayil, turare, wayoyi, har injin niƙa. Ya zo washegari, ya ɗauki hotuna ta kowane gefe, ya tura wa wani Bature mai fataucin tsofaffin makamai, Mista Denis. Shayin da aka zuba wa Alhaji bai huce ba Baturen ya kira, ya ce zai zo ranar Asabar da kansa. Farashin da ya ambata a waya ya ishi haya, ya ishi dawo da kuku. Madam ta zauna a kujera ta rufe fuska da tafin hannu.

Da Elkana ya raka shi waje, Mijinyawa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan Bauchi, kai ma ka san kasuwa. Ni ko tsohuwar mota zan nuna wa mai saye, sai na sa an wanke ta an shafa wa taya mai. Wannan abu haka za ku ajiye wa Bature a gaba?"

"Ni ma abin yana damuna, Alhaji."

"To ai kai ne mai hannu."

Shi ke nan fa. Wace magana ce ta fi wannan dacewa da abin da ke ransa? A garinsu ko kaza za ka kai kasuwa ba ka kai ta da kashi a ƙafa. Kuma ga dama ta samu da zai saka wa tsohuwar nan da abu ɗaya tak da ya iya fiye da kowa. Ranar Juma'a da safe, Madam ta tafi cocinsu, shi kuwa karo na farko tun zuwansa ƙasar ya ƙi zuwa nasa. Ya buɗe shagon da makullinsa, ya ja ƙofar ƙarfe ta sauka, ya shimfiɗa buhu a kan teburin yanka.

Gaskiya a faɗe ta, bai taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba, abin da ya fi ɓata rai ke nan. Ya jiƙa ƙarfen da lemon tsami, ya bi shi da tokar gawayin gashi, ya sa soson ƙarfe, baƙin ruwa yana gangarowa cikin kwatami yana tsaki yana ƙarawa. Jan tabon nan ya yi gardama, ya ɗauko dutse mai kaushi ya ci ƙarfinsa. Ɗigo-ɗigon da ke kusa da mariƙi ya ɗauka ramukan tsatsa ne, irin waɗanda ubansa yakan ce in ka bar ɗaya sai ya haifi goma, don haka ya yi ta ci da dutse har wurin ya zama sumul. Sannan ya koma dutse mai laushi, ya fitar da baki, ya gwada a gashin hannunsa ya aske tas. Tagullar mariƙin ya goge ta har tana ɗaukar ido. Kuben ma bai bar shi ba, ya cike tsagogin da man takalmi baƙi ya bi da tsumma. Da la'asar ya ɗaga takobin a hasken kicin, ya ga fuskarsa a ciki, ya yi addu'ar godiya, ya ce da Baba yana raye ya gani. Ya naɗe ya mayar cikin akwati bai gaya wa kowa ba, don yana so ya ga fuskar Mama idan an buɗe.

Ranar Asabar Mista Denis ya iso tare da Mijinyawa. Dogo ne, jajir, ga takunkumi a fuska ga farar safar hannu, da 'yar tocila da madubin ƙara girma. Ya sunkuya wa akwatin kamar mai gaida sarki. Tun daga kube ya tsaya, ya shinshina, ya duba safarsa ya ga baƙi. Ya zare takobin a hankali, haske ya tashi ya bugi silin. Baturen ya ajiye shi a tebur da yatsa biyu, irin yadda ake ajiye mataccen ɓera.

"Wa ya yi wannan?"

Elkana ya matso gaba, ƙirji a buɗe, yana murmushi. "Ni ne, Oga."

Abin da ya biyo baya Elkana ba zai manta ba har kabari. Baturen bai yi ihu ba, a hankali ya yi ta zuba magana, yana duban sa kamar abin da aka tako a hanya. Ya ce baƙin da aka kankare shi ne shaidar shekarun takobin, shi ne abin da ake saye, ƙarfe ai ko'ina akwai. Ya ce a duniyarsu ko da yatsa ba a taɓa irin wannan, ko numfashi ba a huci a kansa. Yanzu ba masanin da zai iya rantsewa cewa ba jiya aka ƙera shi ba. Ya fito da waya, ya buɗe hoton da Mijinyawa ya tura, ya ja shi ya girma. Ɗigo-ɗigon nan ashe azurfa ce da ta yi baƙi, guda bakwai, an haɗa su da siririn zare: taurari ne, maƙerin ya dasa su don tsari. Sai ya gangaro kan jan tabon, a nan ne muryarsa ta yi laushi kamar mai zancen budurwa. Ya ce wannan mai yiwuwa jini ne, jinin mutum na gaske daga wani tsohon yaƙi, kuma yana da masu saye da za su yi faɗa da juna a kansa.

A nan Elkana ya ja da baya. Ya san jini a jikin ƙarfe. Yana saurayi lokacin da aka yi rikici a yankinsu, ya ga addunan da aka riƙa kawowa gindin ɗorawa bayan an lafa, ya ga yadda ubansa ya naɗe duwatsunsa ya koma gida ya yi makonni bai fito kasuwa ba. Wai akwai mutane masu hankali, masu ilimi, da za su rataya wannan a falo, su zauna a ƙarƙashinsa suna shan shayi suna nuna wa baƙi! Ya dubi farar safar Baturen ya kau da kai. Ya juya wajen Mijinyawa, ko zai ce wani abu. Alhaji ya ɗaga hannu biyu sama ya ce shi wallahi zancen mota ya yi, bai ce a taɓa kayan mutane ba. Ko ya san abin da yake yi ranar da ya dafa kafaɗar nan, ko shi ma jahilcin ne, Allah kaɗai ya sani. Abin da aka sani dai, la'adarsa ba ta yi ciwon kai ba.

Sai Madam Yun ta matso. Ta ɗauki takobin da hannu biyu, ta kai shi kusa da idonta, ta bi wurin da ke kusa da mariƙin da babban yatsa, sumul, ta sake bi. Sannan ta ɗago.

"Kana, ina taurarin?"

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce mijinta yakan zare shi sau ɗaya a shekara, ranar tunawa da kakanni, ya sa ta ƙirga su tare da shi. Ta ajiye, ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo.

Mista Denis ya ce saboda tausayi kawai zai ɗauka, ko don tagullar mariƙin, ya ambaci abin da bai kai kuɗin tsohon firji ba. Ina za ta kai shi? Ta karɓa. Abu ɗaya ta roƙa, a kai shi gidan da za a mutunta shi, Baturen ya ɗora hannu a ƙirji ya ce inshallah. Kafin Kirsimeti aka sauke allon shagon. Madam ta sa hannu a takardar soke bizar Elkana da hannun da ya saba miƙa masa kwanon miya, ba ta taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya, wannan shirun ne ya fi cin sa. Ta naɗe wuƙaƙen kicin a tawul ta ba shi, ta ce ya gaida Perpetua, ta tafi wajen 'yarta a Koriya.

Ya yi ta yawon neman aiki, kwanakin alfarmar da ake ba wanda aka soke wa biza suna ƙarewa. Otal-otal korar mutane suke yi, ba ɗauka ba. Perpetua ba ta matsa masa ba, sai dai duk kira takan ambaci cewa babbar 'yarsu za ta rubuta jarrabawar fita. Ana cikin haka Mijinyawa ya kira, murya garau kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya ce albishirinka, Baturen nan yana nemanka, ya ce bai taɓa ganin hannu irin naka a kan ƙarfe ba, zai yi maka biza.

Sito ne can bayan gari, tsakanin masu gyaran mota. Tun daga ƙofa wari ya tare shi, tsami-tsami, ƙarni-ƙarni. A gefe ɗaya ga kwalaye cike da sababbin takubba fil daga masana'anta, suna ƙyalli. A ɗaya gefen ga kwatamai na roba: wannan ruwan khal, wato ruwan tsami, da gishiri, wannan ruɓaɓɓen ganyen shayi, wannan jiƙaƙƙen garin katako da ake turbuɗe ƙarfe a ciki ya yi kwanaki. Aikin shi ne a ɗauki sabo a mayar da shi tsoho, a dakushe bakinsa, a sa masa tsatsa daidai wa daida, yadda zai shiga falon wani attajiri a matsayin ɗan shekara ɗari uku. Mista Denis ya yi bayani yana dariya, ya ce wanda ya san yadda ake cire tsatsa ya fi kowa sanin inda take son zama. Elkana ya tsaya yana kallon kwatamin, ɗan Baba Abednego, ya ji kamar an ce masa ya yi fitsari a rijiyar gari. Ya tuna da jarrabawar yarinya. Ya tambaya yaushe zai fara.

Ya kuma iya, abin takaici. Shi mutum ne da bai san yadda ake yin aiki rabi-rabi ba, ko da aikin banza ne. Safar roba tana hana shi jin ƙarfe, don haka ya cire ta, da tsirara hannu yake shafa ruɓaɓɓen ruwan, yana bin kowane lungu. Cikin 'yan watanni tsatsarsa ta fi ta kowa kama da gaske. Ya bar kwana a sito ya kama gado a Karama, ɗaki ɗaya da su Edwin, wani ɗan Filato mai gyaran na'urar sanyi, yana wucewa ta gaban tsohon shagon da ya koma wurin aski.

Wajen tsakiyar 2021, wata safiya, Mista Denis ya shigo da dogon akwatin katako a hammata. Elkana ya gane shi tun daga nesa. Baturen ya buɗe, ya jingina waya a gefe da hoton nan na Mijinyawa, ya ajiye guntun zaren azurfa da ɗan ƙaramin kurfi. Ya ce ƙura ta lafa, ya samu mai saye a wata ƙasa wanda ya ga hoton ya haukace.

"Mayar da shi yadda yake, habibi. Da taurarin da komai. Tabon nan kuma ka ɗan faɗaɗa shi, suna so."

"Da me, Oga?"

"Mahauci yana nan bayan layi. Ka ce ya tara maka na kaji."

Ya yi. Ya dasa taurari bakwai yana duban hoto, ya haɗa su da zare, ya ƙona su da hayaƙi suka yi baƙi. Ya kashe kaifin da ya fitar da hannunsa. Ya kwantar da takobin kakan mijin Mama cikin ruwan khal, ya turbuɗe shi a garin katako, ya tono, ya sake turbuɗewa. Ranar ƙarshe ya zuba jinin kaza a tafin hannunsa, ya gauraya da gishiri, ya shafa a tsakiyar ƙarfen, ya yi ta murzawa da babban yatsa har ya kama. Da ya bushe, Mista Denis ya sa farar safarsa, ya haska tocila, ya daɗe yana dubawa, ya ce wallahi ya fi na asali kyau. Har sumbatar iska ya yi.

A motar komawa gida saƙon murya ya shigo wayarsa. Madam Yun ce, takan aiko jifa-jifa. Ta ce jikanta ya fara tafiya, ta tambayi yara, ta tambaya ko yana kula da wuƙaƙenta. A ƙarshe ta ce ko ya taɓa jin labarin gidan da takobin ya je. Ya saurara sau biyu. Ya danna zai amsa, ya ce Mama, sai ya goge.

Da ya isa ɗaki Edwin ya riga ya tuƙa tuwo. Elkana ya shiga banɗaki ya wanke hannu da sabulu, ya sake da omo, ya yanka lemon tsami ya goga har ƙarƙashin farce. Ya zauna, ya yi addu'a, ya gutsuro loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Kafin ta taɓa leɓensa ya ji shi, tsamin nan da ƙarnin nan, daga cikin fatar yatsunsa. Ya ajiye lomar a gefen kwano. Ya daɗe yana duban hannun, su Edwin suna ci suna gardamar ƙwallo, tuwon yana hucewa a gabansa. Can ya ce Edwin ya miƙo masa cokali.